Akwatinmu na da kwado uku, salularmu fa?

Duk wadda ta taɓa zama a taron asusu ta san yadda ake buɗe akwati. Ana shimfiɗa tabarma, a ajiye shi a tsakiya, mata uku su miƙe, kowacce ta kwance makullinta daga bakin zane. In ɗaya ba ta zo ba, akwati ba ya buɗuwa. Wadda ke kwana da akwatin ba ta da makulli ko ɗaya, masu ƙirga kuɗi kuma suna ƙirgawa da ƙarfi, kowa na ji. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maradi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, irin wannan tsari ne ya riƙe amana tsakanin mata, har ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da ma wajenta. Mu da muke ciki mun san ba ƙarfin ƙarfen akwati ke tsare kuɗin ba. Abin da ke tsare su shi ne ba a bar wa mutum ɗaya komai a hannunsa ba.

To, yau ina kuɗin suke? A ƙungiyoyi da yawa, wani kaso mai tsoka ya bar akwati ya koma cikin salula. Ƴar ƙungiya da ta tafi Agadas ko Yamai tana turo zubinta ta waya. Mai gida da ke ci-rani yana aiko da kuɗin biyan bashi ta kamfanin aika kuɗi. Ma'ajiya na gudun kwana da tsabar kuɗi a ɗaka, sai ta je shago ta zuba su a layi. Duk wannan ci gaba ne, ba wanda ke cewa a koma baya. Sai dai akwati mai kwado uku ya zama salula mai lambar sirri ɗaya, a hannun mace ɗaya, wani lokaci ma ba ita ke danna ta ba.

Abin da ya same mu

Bari in fara da namu, don kada a ce ina faɗin na wasu ina ɓoye na gida. Ana saura ƴan makonni rabo, aka kira ma'ajiyarmu da hantsi. Dattijuwa ce, shekara da shekaru tana riƙe da kuɗinmu, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Mai kiran ya gaishe ta da ladabi, ya ambaci sunanta, ya ambaci sunan ƙungiyarmu. Ya ce daga kamfani yake, wai ana gyaran layuka, kuma duk wanda bai tabbatar da asusunsa ba kafin azahar za a rufe shi da kuɗin ciki. Hankalinta ya tashi. Ta kira jikanta, shi da ke karanta mata saƙo, mutumin ya riƙa faɗa masa abin da zai danna, yaro na dannawa. Da aka gama, jika 140 sun tafi.

Kwana uku ba ta gaya wa kowa ba. Ranar taro ta zo ta zauna can gefe, shugaba ta dube ta ta ce, “Inna, lafiya kuwa? Yau ba ki ce komai ba.” Sai hawaye. Ta riga ta sa an kai akuyarta kasuwa don ta fara biya.

Da muka zauna muka yi ta juya maganar, muka ga laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mu ne muka ɗora mata akwati da makullai uku gaba ɗaya, muka koma gida muka yi barci. Sannan tambayar da ta fi damunmu: ina mutumin nan ya samu sunanta, da sunan ƙungiya, da sanin cewa rabo ya kusa? Har yau ba mu da tabbas. Amma da muka lissafa waɗanda suka san lambar nan da abin da ke cikinta, sai da muka cika yatsun hannu biyu.

Hanyoyin da suke bi

Masu wannan sana'a ba sa fasa ƙofa, ke suke sa ki buɗe da hannunki. Dabarunsu kaɗan ne, kaya kawai suke canza musu.

Akwai saƙon ƙarya. Za ki ga saƙo mai kama da na kamfani, wai an turo miki jika 25. Kafin ki gama dubawa, wani ya kira yana roƙo, wai kuskure ya yi, kuɗin maganin mahaifiyarsa ne, don Allah ki mayar masa. Saƙon daga wata lamba ta mutum ya fito, ba daga kamfani ba, kuma ko dala ba ta shiga ba. In kika tura, naki kika tura. Maganinsa ɗaya ne: kada ki yarda da saƙo, ki duba abin da ke cikin asusun da kanki.

Akwai kiran “daga kamfani”, irin wanda ya same mu. A riƙe wannan da kyau: ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ba ya kuma sa ki danna ta yana kan layi. Duk wanda ya haɗa miki gaggawa da tsoro, ko gaggawa da kyauta, ki kashe wayar.

Akwai satar WhatsApp. Za a turo miki lambobi shida ta saƙo, sai wani ya ce kuskure ne, ko ya ce lambar shiga taron tallafi ce, ki karanto masa. Lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗinki. Da ya same su, ya zama ke. Zai shiga zauren ƙungiya da sunanki da hotonki, ya ce a tura zubin wannan mako a sabuwar lamba. WhatsApp na da wani kwado na biyu, wata lambar sirri da ke da kanki za ki zaɓa. A sa wanda ya iya ya nuna wa shugaba, sakatariya da ma'ajiya yadda ake kunna shi.

Akwai kuma masu ninka kuɗi. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga MMM, wadda ta daskarar da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, sun kuma ga CBEX da ta rushe a watan Afrilu na 2025. Salon iri ɗaya ne: a biya na farko da kuɗin na baya, har ranar da za a rufe. Tallar irin waɗannan na ƙetare iyaka cikin daƙiƙa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin ƙungiya kuwa ba na gwaji ba ne.

Waɗanda muka ba amana ba tare da mun lura ba

Nan ne ya kamata mu daɗe, don nan ne aka fi mantawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar ba a ɗakinmu take ba, tana wurin wanda muke hulɗa da shi.

A lissafa su. Mai shagon zuba kuɗi da cirewa, wanda wasunmu ke miƙa wa salula su faɗa masa lambar sirri da baki, mutane na tsaye suna ji. Mai cajin waya a kasuwa, inda salula ke wuni da layi a ciki. Mai gyara. Yaron da ke karanta saƙo. Mai kwafin takardu, da ake bar wa katin ɗan ƙasa na mata talatin. Ma'aikacin furoje da ya zo da babbar waya ya ɗauki sunaye, hotuna da lambobi. Sai kuma sabbin manhajojin lissafin asusu da ake kawo mana, waɗanda ke ajiye bayananmu a wata kwamfuta da ba mu san ƙasar da take ba. Yawancin mutanen nan masu gaskiya ne. Amma ko mai gaskiya ana iya yi masa sata, kuma in aka yi masa, mu aka yi wa.

Wannan ba matsalar ƙanana ba ce kawai. A watan Oktoba na 2020, a Uganda, ɓarayin intanet sun shiga na'urorin wani kamfani mai suna Pegasus Technologies, wanda aikinsa shi ne haɗa bankuna da kamfanonin waya. Ba su fasa banki ba, ba su fasa kamfanin waya ba, ɗan tsakiya suka kama. Sai da MTN, Airtel da bankin Stanbic na ƙasar suka dakatar da aika kuɗi tsakanin banki da waya na wani lokaci. A watan Janairu na 2022 kuma, Kwamitin Ƙasa da Ƙasa na Croix-Rouge ya sanar cewa an kutsa cikin bayanan mutane sama da 515,000, waɗanda yaƙi, hijira ko bala'i ya raba da danginsu. Na'urorin da ke ɗauke da bayanan suna ajiye ne a wurin wani kamfani da aka ba kwangila a ƙasar Suwis.

Ga wanda ya fi kusa da mu. A ƙarshen 2022, kamfanin bincike na Group-IB tare da Orange sun fitar da rahoto kan wani gungu da aka laƙaba wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 gungun ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa. Da wasiƙar ƙarya suke farawa, wadda ma'aikaci zai buɗe yana zaton daga ofishin haraji take ko tayin aiki ne. Bayan sun kwashi kuɗi, sai su rarraba su cikin asusun ɗaruruwan mutane da aka ɗauka haya, a cire a ba su. A 2023 aka kama wanda ake zargin babba ne a cikinsu a Kodebuwa. Darasinmu a nan: in wani ya ce ki ara masa layinki ko katinki a turo kuɗi, zai ba ki na goro, ki ƙi. Ranar da bincike ya zo, sunanki za a tarar.

In manya masu injiniyoyi sun faɗa ta ƙofar abokin hulɗa, mu ma sai mu koyi tambaya. Kafin ƙungiya ta ba kowa kuɗinta ko sunayen ƴaƴanta, a tambaye shi a gaban taro:

Wa ya ba ka izinin wannan aiki, ina takardar? Me za ka yi da sunayenmu da hotunanmu, wa kuma zai gan su bayan kai? In kuɗi suka ɓata a hannunka, wa zai biya? In furoje ya ƙare ko kamfani ya rufe, ina lissafinmu zai koma? In muka samu matsala, wane ofishi za mu je, a wane gari?

Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara cewa “haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?” ya riga ya ba ku amsa.

Abin da doka ta ce, wanda ya shafe mu

Wasu na ganin doka ta manyan ofisoshi ce. A'a, tana kare mu, tana kuma hawa kanmu.

Ta fannin kuɗi, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, wato BCEAO, shi ke ba da izinin fitar da kuɗin waya, a ƙarƙashin ƙa'idar da ya kafa a 2015. Ƙa'idar ta wajabta wa kamfani ya ajiye kuɗi na gaske daidai da abin da ke cikin asusun mutane, kuma BCEAO na wallafa sunayen waɗanda ya ba izini. Asusun ajiya da bashi irin na mutuwel kuwa sai da izinin ma'aikatar kuɗi, kuma hukumar ARSM ce ke sa musu ido a Nijar. Saboda haka duk wanda ya zo karɓar ajiyar jama'a, tambayar takardar izini ba rashin kunya ba ce, haƙƙinku ne.

Ta fannin bayanai, Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a ƙarshen 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita. Gundarin dokar mai sauƙi ne: ba a karɓar bayanan mutum sai don wata manufa da aka bayyana masa, ba a juya su zuwa wata manufa daban, wanda ya karɓa kuma wajibi ne ya tsare su. Mutum na da damar sanin abin da aka rubuta a kansa, a gyara in akwai kuskure. Wannan ya hau kan furoje da kamfani, ya kuma hau kanmu. Kayen sakatariya cike yake da sirrin mutane: wa ta ci bashi, nawa, don me, wa ta kasa biya. Ba abin da za a ɗauki hotonsa a watsa ba ne.

Sannan akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019. Ita ce ke hukunta mai kutse da mai damfara ta waya, da ita za ku kai ƙara. Amma ita ce kuma ke hukunta ɓata suna da zagi ta hanyar sadarwa, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri a kan haka. To, a kula. In wata ta ƙi biyan bashi, zuciya na iya sa a saka hotonta a WhatsApp a kira ta ɓarauniya. Yin haka na iya mayar da mai gaskiya ta zama wadda ake tuhuma. A bi ta hanyar dokar ƙungiya, da dattawa, da mai unguwa, in ta ƙi a je gaban hukuma.

Wani abu da ake raina shi: da sunan wa aka yi rajistar layin ƙungiya? A wurare da yawa za a tarar da katin mijin ma'ajiya ko na ɗanta aka saye shi. A idon kamfani, mai layin shi ne wanda sunansa ke rubuce. In layi ya ɓata, shi kaɗai zai iya zuwa a sabunta. In aure ya mutu, ko rai ya yi halinsa, kuɗin mata talatin sun shiga rigimar da ba tasu ba. Ƙungiyar da ke da takardar amincewa daga hukuma ta je ofishin kamfani ko mutuwel ta tambayi yadda za a buɗe asusu da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu ko uku. Wadda ba ta kai nan ba, aƙalla layin ya kasance da sunan ƴar ƙungiya da taro ya zaɓa, a rubuta a kaye cewa kuɗin ciki na ƙungiya ne, shaidu su sa hannu.

A mayar wa salula kwadonta uku

Ga abin da muka tsayar bayan abin da ya same mu. Ba sai an sayi komai mai tsada ba.

Layin ƙungiya daban, na gida daban. Ƙaramar salula ta isa. Ba a kira da ita, ba a ba yara, ba a barin ta wurin caji da layi a ciki. In hali ya yi, ta kwana cikin akwati.

Mai riƙe salula ba ta san lambar sirri ba. In lambobi huɗu ne, mace ɗaya ta riƙe biyun farko, wata ta riƙe biyun ƙarshe, kowacce ta danna nata da hannunta. A rubuta cikakkiyar lambar a takarda, a liƙe, a jefa cikin akwati saboda tafiya ko rashin lafiya. Duk ranar da aka buɗe takardar, a canza lamba. Haka nan in an canza shugabanni. Kada a zaɓi shekarar haihuwa ko 1234.

Kuɗi ba sa fita sai a taro. In larura ta taso tsakanin taro, mutum uku su haɗu. Duk saƙon da ya ce a tura kuɗi a sabuwar lamba, ko da muryar shugaba ce, a kira ta a tsohuwar lambarta ko a taka a je gidanta.

A ƙirga na waya kamar yadda ake ƙirga na akwati. Kowane taro a duba abin da ke cikin asusu, a faɗa da ƙarfi, mutum biyu su gani da idonsu, a gwada da kaye. Kada a goge saƙonnin kamfani, kuma a karɓi resi a shago. Ko an kawo manhaja, kada a yar da kaye.

A sa iyaka. Taro ya yanke adadin da ba za a wuce ba a cikin waya. Abin da ya haura, a ba da shi bashi ko a kai asusu mai izini. Gab da rabo, lokacin da kuɗi suka taru, a rage yawan bakin da ya san adadi da rana.

A shago, ke za ki danna lambarki, ki kare da hannu. Wadda ba ta iya karatu ba tana iya koyon wurin lambobi a kan salula. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci a cikinmu su zauna da sauran, minti goma a ƙarshen kowane taro.

In abin ya riga ya faru

Sa'o'in farko su ne masu daraja, domin ɓarawo na gaggawar cire kuɗin ne kafin a rufe. A kira lambar kula da abokan hulɗa ta kamfani nan take, ko a je ofishinsu, a nemi a toshe asusu, a ba su lambar da kuɗin suka tafi. A canza lambar sirri. Kada a goge saƙo ko lambar da ta kira. A je komisariya ko wurin jandarmomi a shigar da ƙara, a karɓi takarda. A sanar da sauran ƙungiyoyin unguwa, don wanda ya ci nan gobe maƙwabta zai nufa. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, gaskiya ke nan, amma shiru bai taɓa dawo da ko dala ba.

Shi ya sa muka ƙara layi ɗaya a dokar ƙungiyarmu: wadda aka damfara ta faɗa a ranar, ba za a zage ta ba, ba za a yi da ita ba. Kunya ita ce babbar abokiyar aikin ɗan damfara. Kwana ukun da Inna ta yi tana kuka ita kaɗai sun fi masa amfani fiye da duk dabararsa.

Mu dai mun hana a sayar da akuyar. Muka raba asarar a tsakaninmu, kowacce ta ɗauki kaɗan, rabo ya ragu amma ƙungiya ba ta watse ba. Inna na nan a matsayin ma'ajiya, sai dai yanzu salula na cikin akwati, lambar sirri kuma na hannun mata biyu da ke zaune a unguwa daban-daban.

A taronku na wannan mako, kafin a rufe akwati, shugaba ta yi tambaya uku: da sunan wa layinmu yake, mutum nawa suka san lambar sirri, su wa ke riƙe da sunayenmu a waje? In amsar ta sa an yi shiru, to aikin mako mai zuwa ya samu. Allah ya tsare mana guminmu, ya sa albarka a zubi da rabo.